Haƙorin Ci-Marfi da Lambar da Ta Ƙi Sauka

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon Ci-Marfi ya san kallo yake saye, lemon kuwa gyara ne. Kana cewa a ba ka mai sanyi, zai tsoma hannu a bahon ƙanƙara, ya zaro kwalba, ya ɗaga ta sama kowa ya gani. Sai ya naɗe hannun riga, ko da yake hannun riga ba shi da aiki a wannan sana'a, ya kafa marfin a kusurwar bakinsa ta dama. Fus! Ya tofa marfin cikin gwangwanin da ke rataye a ƙofa, ya goge bakin kwalbar da gefen rigarsa, ya miƙo maka yana kallon nesa kamar wanda ya dawo daga yaƙi.

"Kamfanin lemo da kansu sun aiko min da mabuɗi," haka yake faɗa wa duk baƙo. "Na ce su kai wa marasa haƙori."

Mabuɗin yana nan a kicin ɗin matarsa, an ɗaura masa igiya an rataye shi kusa da ludayi.

To, wata rana da yamma ya kafa haƙori a wani marfi mai taurin kai, sai ya ji ƙas. Marfin ya fita, jama'a suka tafa, amma shi ya san wannan ƙas ɗin ba daga marfi ta fito ba. Daga ranar ya koma tauna da hagu. Ruwan sanyi ya zama abokin gaba. Kafin a daɗe zazzaɓi ya fara ziyartarsa da yamma, yana rawar ɗari yana cewa iska ce ta canja.

Matarsa ba ta tsaya musu ba, ta ɗauki jakarta ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Aka yi gwajin zazzaɓin sauro, babu. Sai Likita, wata siririyar mata mai gilashi da ba ta ɗaga murya, ta sa aka ɗebi jininsa don wani gwaji da ake kira CRP.

"Malam, naka ya nuna arba'in," in ji ta da sakamakon ya fito. "Mai lafiya yawanci ƙasa da biyar yake. Wasu wuraren ko ya kai goma ba a tada hankali. Arba'in kam akwai magana."

"Injinku ne bai saba da jini mai ƙarfi ba."

"Jininka kamar na kowa yake. Wani sinadari ne hanta ke saki idan wani wuri a jiki ya kumbura ko ƙwayar cuta ta shiga. Ka ɗauke shi kamar ƙararrawar gobara. Tana cewa wuta ta tashi a gidan, amma ba ta faɗin ɗakin."

Ci-Marfi ya gyara zama. "Ba ta faɗin ɗakin?"

"Ba ta faɗi. Mu ne za mu nema. Kunne? Maƙogwaro? Haƙori fa?"

Ya yi dariya da baki a rufe, ta hanci. "Likita, kin san da wa kike magana kuwa? Maman yara, gaya mata."

"Haƙorinsa ne sana'arsa," in ji matar, tana kallon farcenta.

Likita ta miƙa hannu za ta ɗauki 'yar tocila, sai aka leƙo aka ce ana nemanta a ɗakin haihuwa yanzu-yanzu. Ta miƙe tana cewa, "Ku dawo cikin makon nan a maimaita. In bai sauka ba, zan bi gidan nan ɗaki-ɗaki, daga sama har ƙasa."

Daga sama har ƙasa! Duk hanya wannan maganar ke yawo a kansa. Idan daga sama za ta fara, baki ne ƙofar farko. Tana leƙawa za ta tura shi wurin masu cire haƙori, kuma a ranar Ci-Marfi zai koma wani mai shago kawai, irin wanda ake ce wa "malam, ba ni lemo" ba tare da an kalli fuskarsa ba. Amma tunda ƙararrawar ba ta faɗin ɗaki, ai ana iya nuna mata wani ɗakin. A kunna 'yar wuta a can ƙasa, nesa da baki, Likita ta tafi can ta kashe, kowa ya huta. Ya ji daɗin wannan dabara har ya so ya yi murmushi, haƙorin ya hana.

Washegari ya sami aminansa biyu a bencin gaban shago, Tela da Mai Faci.

"An ce wai jinina arba'in," ya sanar musu.

"Arba'in me?" in ji Tela, wanda komai sai ya san ma'auninsa. "Inci ko yadi?"

"Arba'in dai. To ni zan gwada injin nan nasu in ga ko yana da gaskiya. Ni zan nuna wa lambar inda za ta zauna. Mai Faci, ina so ka sakar min wani ƙarfe a babban ɗan yatsan ƙafa."

Mai Faci mutum ne da ba ya tambayar dalili in dai aikin ƙarfe ne. Ya tafi rumfarsa ya dawo da guduma.

"Kai! Na ce yatsa, ban ce ka gina rijiya ba."

Ya koma ya kawo ƙarfen cire taya.

"Ƙarami dai, mutumina. Abin da zai kumbura amma ba zai yi zafi ba."

"Wannan sai dai a yi maka oda," in ji Tela.

Aka daidaita a kan wata 'yar sifana. Ci-Marfi ya cire takalmi, ya miƙa ƙafar hagu, ya runtse ido. Mai Faci ya saki, ƙafar ta janye kanta.

"Ka motsa."

"Ban motsa ba, hannunka ne ba ya saiti."

Aka sake, ta sake janyewa. Tela ya rungume shi ta baya, Mai Faci ya hau benci don sifanar ta samu nisa, masu wucewa suka fara tsayawa. Ci-Marfi na ganin sifana a sama ya fizge da ƙarfi, ya yi baya da Tela, suka bangaji wani ƙarfen wilin mota da ke jingine da bango. Wilin ya yi tangal-tangal kamar mai shawara, sannan ya kwanta a kan ƙafar dama, wadda ba ta cikin yarjejeniyar.

Ihun da ya yi sai da kajin maƙwabta suka watse.

"Ya kumbura?" Mai Faci ya tambaya daga saman benci, sifanar na hannunsa har yanzu. "Ko in ƙara da wannan?"

Ranar komawa asibiti ya shiga yana ɗingishi, yatsa ya yi suntum kamar ƙwan fitila, fuska kuma rufe da takunkumi. Aka ɗebi jini. Lamba ta ce sittin da ɗaya.

"Ga ɗakin nan, Likita," ya ɗora ƙafar a kan kujera da alfahari. "Na taya ki nema. Ba sai kin wahala da hawa sama ba."

Ta duba yatsan. "Yaushe wannan ya faru?"

"Ya jima."

"Shekaranjiya," in ji matarsa.

"To arba'in ɗin farko fa? Ai lokacin yatsan lafiyarsa ƙalau."

"Jinina yana da hangen nesa, Likita. Tun kafin abu ya faru yake shiri."

Likita ta cire gilashinta ta goge, ta mayar. "Cire takunkumin in ga bakinka."

Sai ya fashe da tari. Tari na gaske bai kai wannan kyau ba: yana farawa daga ciki, ya hau ƙirji, ya ƙare da wani ɗan fito. "Ina da iyali, ke ma kina da iyali. Kada in shafa miki."

Aka tura shi hoton ƙirji. Ya yi rabin yini a layi da ƙafa ɗaya, aka ce ƙirjinsa fes kamar na ɗan ƙwallo.

"To ciki ne," ya ce da suka dawo. "Yanzu na tuna, ciki ne."

Ta kwantar da shi tana dannawa. Ta danna dama, ya ce wayyo. Ta danna hagu, ya ce wayyo Allah. Ta juya za ta ɗauki abin awo, ya ce wayyo na mutu.

"Ban taɓa ka ba, Malam."

"Na baya ne yake isowa."

Likita ta kalli matar. Matar ta kalli fankar sama. Suka fita baranda tare wai za a yi bayanin magani, suka dawo fuska ba yabo ba fallasa.

"Ga yadda za a yi," in ji Likita. "Hutu a gida, ban da shago. A kula da abincinsa, tunda ciki ne. A sake gwaji. Kuma ka ji ni da kyau, in lambar nan ta haura ɗari, wasa ya ƙare."

Ya fito yana jin ya ci nasara. Baki dai ba a buɗe ba.

A gida aka shimfiɗa masa katifa a ɗakin da ke bayan shago, aka ɗora ƙafar a kan matashi. Da farko ya yi murna da batun kula da abinci, yana zaton mai laushi za a riƙa ba shi. Sai ga matarsa da faranti cike da ɗanyen karas, manya-manya, masu tauri kamar turaku.

"Maman yara, wannan fa?"

"Na ciki ne. An ce yana wanke hanji. Ka cinye, ina kallo."

"A dafa mana."

"In aka dafa amfanin ya tafi. Ko akwai abin da ke hana ka tauna, Baban yara?"

"Ni? Ni da nake cin ƙarfe?"

Ya ɗauki karas ya tura can ƙuryar hagu, yana gurgura, hawaye na zuba. Ta tambaye shi kukan me yake, ya ce daɗi ne.

Amma ba karas ne ya fi ci masa rai ba. Ta jikin bango yake jin shagonsa. Matar ta ɗauko mabuɗin kamfani daga kicin ta rataye shi a wuya, kuma abin da ke shigowa kunnensa shi ne fus, fus, fus, ba naɗe hannun riga, ba jawabi, ba tofi. Sai kuma muryoyin da bai taɓa ji a shagon ba, muryoyin mata.

"Ai ni da can ko kyauta ba na sha a nan," wata ke cewa. "Lemo da yawun mijin wata?"

"Wallahi kuwa. Ga shi sai ka tsaya ya gama wasan kwaikwayo, lemon ya huce."

"Ki ce ya huta sosai, 'yar uwa. Kada ya yi gaggawar warkewa."

Ci-Marfi ya ja bargo ya rufe kai, kumatunsa na dama na bugawa kamar an sa masa wata zuciyar a can.

A waje kuma unguwa ta ɗauki neman ɗakin gobara a matsayin aikinta. Mai Faci ya ce hanta ce, tunda an ambaci hanta. Wata tsohuwa ta ce cibiya ce, duk ciwon namiji daga cibiya yake. Tela ya ce surutu ba ya warware komai, awo ke warwarewa, ya shigo ɗakin da tef a wuya.

"Ni nake maka ɗinki tun kana saurayi, duk awonka yana kaina. Inda ya ƙaru, nan ne wutar. Miƙe."

Ya auna kafaɗa, daidai. Ƙirji, daidai. Ƙugu ya ragu, aka ɗora wa karas laifi. Ya zo wuya, ya tsaya, ya ja baya ya karkata kai yana kallon abin da ke turo takunkumi ta gefe.

"Mutumina, fuskarka ta fi yawa ta dama."

"Tsoka ce."

"Tsoka a kumatu?"

"Wanda ke ɗaga ƙarfe hannunsa ke girma. Ni da me nake ɗagawa?"

"To ai ka kwana biyu ba ka ɗaga ba."

"Shi ya sa ta samu sararin fitowa. Naɗe tef ɗinka ka tafi, mara lafiya na son hutu."

Gwaji na uku da safe aka ɗebi jinin, da rana wayar matar ta yi ƙara. Ta saurara, ta ce to, ta ce to, ta shigo ɗakin ba faranti a hannunta.

"Ɗari da goma sha takwas. Likita ta ce a kawo ka yau, ba gobe ba. Na kira mota, tana hanya."

Ɗakunan ƙarya sun ƙare, saura na gaskiya. Ta bango kuma ga wata na kira, "Maman yara, a buɗe mana uku!" Sai ya tashi zaune. In dai za a tafi da shi, to sai unguwa ta tuna wane ne shi kafin motar ta iso.

Ya miƙe, ya yar da bargo, ya yi tsalle da ƙafa ɗaya har ƙofar shago.

"Jama'a!" ya daka tsawa ta cikin takunkumi. "An ce Ci-Marfi ya kwanta. An ce ƙarfen kamfani ya gaje shi. A fito da kiret guda! Yanzu zan buɗe shi kaf, kowa ya sha a kaina!"

Jin za a sha kyauta, titi ya cika kafin ya rufe baki. Mai Faci ya jawo wilin nan da ya san ƙafar Ci-Marfi yana kaɗa shi da sifana. Matan da ba sa shan lemo mai yawu suka matso gaba don kallo ba shi da yawu.

"Baban yara," matar ta ce a hankali, "ka faɗi abin da ke damunka mu tafi."

"Ba ni kwalba, mace."

Ta zaro ɗaya daga bahon ƙanƙara, mafi sanyi, ta miƙa masa.

Ya ɗaga kwalbar sama. Ya naɗe hannun riga. Ya sauke takunkumi, jama'a suka ce "Kai!" da baki ɗaya, don kumatun ya yi kamar ya ɓoye ƙwallo a ciki.

"Tsoka ce," Tela ya yi musu bayani.

Ci-Marfi ya lallaɓa ya kai marfin gefen hagu, yana fatan ba wanda zai lura. Haƙoran hagu ba su taɓa zuwa wannan makaranta ba, marfin ya zame.

"Ba nan ne gefen ba!" wani ya yi ihu daga baya. "Dama! Dama muka sani!"

"Dama! Dama!" jama'a suka ɗauka, Mai Faci na bin su da kiɗa.

Ya kalli matarsa, ya kalli mabuɗin da ke lilo a wuyanta. Ya runtse ido ya kai ƙarfe mai sanyin ƙanƙara kan haƙorin, ya danna.

Abin da ya biyo baya kowa da yadda yake ba da shi, amma an yi ittifaƙi a kan jerin. Da farko ƙara, wadda wasu suka zaci birkin babbar mota ne. Sai kwalbar ta suɓuce ta sauka daidai kan yatsan nan mai kama da ƙwan fitila. Sai tsalle. Sai ya yi baya-baya ya zauna daram cikin bahon ƙanƙara, kwalabe suka yi sama, gwiwoyinsa suka haɗu da haɓarsa, ya cushe ba shiga ba fita. Yana nan zaune, ƙafafu a sama, baki wangame iya wangamewa, yana kururuwa, "Haƙorina! Wayyo haƙorina!"

Mai Faci ya ciro tocilar da yake duba ƙarƙashin mota da ita, ya haska. Unguwa ta sunkuya ta leƙa.

"Ga ɗakin," in ji Tela.

"Ashe ba cibiya ba ce," tsohuwa ta ce da takaici.

Motar ta iso ana cikin jan sa. Aka ja hannu, bahon ya biyo. Aka riƙe bahon aka ja ƙafa, ya yi ihun yatsa. Direba ya ce shi ba zai kwana nan ba, aka buɗe bayan mota aka ɗora shi da bahonsa, ruwa na tsiyaya, matar ta zauna kusa da shi tana riƙe da bakin bahon kada ya zame a kwana.

Sun yi nisa kafin ya iya magana. "Maman yara... haƙori ne."

"Na sani."

"Kin sani?"

"Tun ranar da ka fara tauna da gefe ɗaya kamar akuya. Wa ke zama gabanka kana cin abinci?"

"To karas ɗin fa?"

"Jira nake ka ce wayyo haƙorina. Kalma biyu kacal. Ka cinye buhu guda ba ka faɗa ba."

Ya ƙanƙame jiki yana kaɗuwa da sanyi. "Likita fa?"

"A baranda na gaya mata. Ta ce babban mutum ba a buɗe masa baki da ƙarfi, amma ta riga ta yi magana da likitan haƙori, kuma lambar na haura ɗari in kawo ka ko a me kake." Ta kalli bahon. "Ga shi kuwa."

Aka cire haƙorin a ranar, aka wanke wurin, aka haɗa shi da magunguna. Kumburi ya saɓe, zazzaɓi ya ɗauke. Da aka maimaita gwajin bayan ya murmure, Likita ta juyo masa da sakamakon.

"Uku. Ka ga an kashe wutar, ƙararrawa ta yi shiru."

"Uku," ya maimaita. "Ke nawa ne naki, Likita?"

"Ban auna ba."

"To ki auna. Samun uku ba na kowa ba ne."

Ya koma shago, amma da sharaɗi: mabuɗin kamfani ko katifa. Ya kwana biyu yana zaune a benci fuska a murtuke. Rana ta uku aka gan shi a rumfar Mai Faci suna ƙus-ƙus, ana jin ƙarar huda da warin gam. Ashe bai bar haƙorin a asibiti ba, a aljihu ya taho da shi.

Yanzu in ka je shagon ka ce a ba ka mai sanyi, zai zaro kwalba ya ɗaga sama, ya naɗe hannun riga, ya ciro mabuɗin kamfani daga wuyansa. A jikin mariƙin, an manne wani babban turmin haƙori mai tsaga a tsakiya. Fus!

"Har gobe haƙorina ke buɗewa," zai ce maka yana kallon nesa. "Fito da shi kawai na yi don ya samu iska."

Daga cikin shago kuma za ka ji muryar matarsa tana kwantar wa mata hankali: "Ku sha, 'yan uwa. Da kaina na tafasa shi."